Albasar Baba da Gayyar Feshi

Har yau ba na iya wucewa ta gaban shagon masu sayar da maganin feshi ban toshe hanci ba. Ba warin ne ya fi ƙarfina ba, ni da nake aiki a ofishin da ruwan famfo ke yi mana yaji duk lokacin da ya ga dama, bayi ya yi ta wari. Tsoro ne. Da na shaƙi warin nan sai in ga babana kwance a gadon asibiti, yawu na dalala ta gefen bakinsa, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunya a kan wuta.

Babana manomin albasa ne tun kafin a haife ni. A garinmu, can arewa maso gabas, ba shi da wata sana'a, ba shi da wata hira. Da rikici ya cinye garin, shi da waɗanda suka tsira suka yi ta gangarowa har suka yada zango a Kuchigoro, nan gefen Abuja. Ni lokacin na daɗe a birnin, ina aikin akawu a wata hukumar tarayya. Mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya tun kafin tashin hankalin, don haka shi kaɗai na je na ɗauko, na kawo shi ɗan gidan da nake haya a hawa na sama.

Zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba fita tun asuba, sai ga shi yana yini yana kallon bango. Wata rana na dawo aiki na tarar ya tuge duk furannin da mai gidanmu ya shuka a bakin ƙofa, wai ciyawa ce. Da ƙyar na ba da haƙuri. Daga nan na shiga neman masa abin yi, har wani abokin aikina ya haɗa ni da mutanen wata fadama a bakin kogi, gaba da Gwagwalada. Sarkin nomansu, wani dattijo Bagwari mai sanyin magana, ya yanka masa ɗan fili aro, aka kuma samar masa ɗaki a ƙauyen. Ranar da ya tsuguna ya damƙi ƙasar wurin ya murza ta a tafinsa, ranar na sake ganin haƙoran babana.

Manoman fadamar sun karɓe shi hannu bibbiyu. Akwai Gwarawa 'yan ƙasa, akwai Hausawa 'yan ci-rani, akwai mutanen Filato da na Binuwai. Al'adarsu ita ce gayya: yau a taru a yi aikin wannan, gobe a yi na wancan. Su suka tayar masa da fangali, wato ɗan filin da ake kewayewa da ƙasa a dasa albasa a ciki a riƙa sakar masa ruwa, su suka ara masa injin ban-ruwa. Maƙwabciyarsa ta gabas wata mata ce 'yar Jos, Kirista, mai noman ganye, ƙatuwa, mai dariya kamar ana sauke kwanuka. Tana ce masa Baba, yana ce mata Madam.

Shekarar farko albasa ta tashi gwanin sha'awa, sai da zafi ya fara shigowa ƙwari suka sauka. Ba ƙwarin da za ka gani daga nesa ba ne. Ƙanana ne ƙwarai, sirara, sai ka buɗa wuyan lawashi, inda ganye ke rungume da ɗan'uwansa, sannan ka ga suna ta guje-guje. Suna kankare ganyen suna tsotse ruwansa, sai ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka, kansa ya bushe ya lanƙwashe, albasar kuma ta ƙi yin kai. Baba ya san su tun a gida, kuma magani ɗaya ya sani. Ya sayi tankin feshi, ya goya, ya yi ta feshi. Da hannunsa yake dama maganin. In bakin tankin ya toshe, ya cire ya hura da bakinsa. In ya gama ya sha madara ko ɗan manja, wai suna kashe dafin. Duk ban san wannan ba sai daga baya.

Ina tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Muryar Madam ce, babu dariya ko ɗaya a ciki.

"Anti, ki zo yanzu yanzu. Babanki ta faɗi a gona. Tana amai, ba ta gane mutum. Mun sa shi a mashin, muna tafi asibiti."

Ban san yadda na sauka daga benen ofis ba. A mota daga cikin gari zuwa Gwagwalada na karanta duk addu'ar da na iya, na koma na sake. Ina ta cewa a raina, mutumin nan ya tsallake harsashi, ya yi tafiyar ƙafa a daji, yanzu kuma ruwan kwalba ne zai kashe shi a hannuna? Ya yi kwanaki da robar iska a hanci. Ranar sallama likitan ya ja ni gefe, ya ce huhun tsohon ya taɓu, kuma jikinsa ba zai sake ɗaukar maganin nan ba. Ya ce kada ya dama, kada ya fesa, kada ma ya tsaya inda ake fesawa. Na tambaye shi, in ya sake fa? Kallona kawai ya yi ya girgiza kai.

Kafin mu bar harabar asibitin Baba ya riƙe mini hannu.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In mutanen fadama sun tambaya, zazzaɓi ne ya kayar da ni."

"Baba, ciwo abin kunya ne?"

"Ke yarinya ce. Baƙo raɓa ne. Filin nan aro ne, masu nemansa suna da yawa. In aka ce tsohon nan ba ya iya goya tanki, gobe za a ce ba ya iya riƙe gona."

Na yi masa alkawari. Madam ma, da ta san gaskiya, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Tankinsa kuwa na ɗauke shi na kawo gidana, na cusa a bayan buhun shinkafa.

Da kaka ta wuce aka fara shirin noman rani, sai tambayar ta tsaya mana a wuya: ƙwarin za su dawo, da me za a tare su? Madam ce ta ce a garinsu ba sa barin albasa ita kaɗai. Layin albasa, layin karas, layin albasa, layin latas ko alayyahu, a kewaye fangalin da masara ta tare iska. Ta ce ƙwarin da ƙanshi suke bin albasa, in suka tarar da ƙanshi kala-kala da ganye iri-iri sai su rikice, kuma waɗansu ƙwarin masu cin su suna samun mafaka a cikin ganyen. Ba ta ce za su ƙare ba. Ta ce za su ragu.

Baba ya kalle ta kamar ta ce ya yi salla ba alwala.

"Madam, gona zan yi ko miyar taushe? Tun kakana albasa ba ta zaman haya da kowa."

"Baba, kai ma ai kana zaman haya, kuma ba ka mutu ba," in ji ta, ta fashe da dariyar nan tata.

Ni ban yi dariya ba. Ina da zafin zuciya, kowa ya shaida, kuma tsoro yana ƙara mini shi. Na ce ko dai a haɗa albasar da ganye, ko in tattara kayansa mu koma bene ya ci gaba da tuge furannin mutane. Ya ce to, a kawo irin karas ɗin.

Daga nan Asabar ta zama tawa da fadama. Sai in shiga motar haya da sassafe, in sauka a Gwagwalada, in hau mashin zuwa bakin kogi. Da na isa sai in durƙusa gab da shi in gaishe shi, kusa fiye da yadda gaisuwa ke bukata, ina jan numfashi a hankali. Rigarsa nake shinshina. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. In ban ji komai ba sai warin zufa da albasa, sai in ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Daga nan in tattare zanena in bi layi-layi ina buɗa wuyan lawashi da farce. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, na zama mai duba ƙwari. Lissafina mai sauƙi ne: muddin ganyen nan kore ne, babana ba zai nemi tanki ba. Ranar da ya fara fari, ba alkawarin da zai riƙe shi, don ba zai iya tsayawa yana kallon albasarsa na mutuwa ba.

Gonar ta yi kyau, ko shi da bakinsa bai iya musu ba. Ganyen karas ya taso lufu-lufu tsakanin layukan, latas ya baje, alayyahu ya yi saurin da har aka fara yanka ana kai wa masu sayar da abinci a tasha. Baba yana gunaguni yana ban-ruwa. Yakan ce in mutanen garinsu suka ga wannan gonar za su ce gudun hijira ya taɓa masa kai.

Sai zafi ya shigo. A ofis kowa na ƙorafin wuta da fanka, ni kuwa duk ranar da rana ta ƙwalle sai gabana ya yi ta faɗuwa, don na san abin da zafi ke kawowa. Wata Asabar na buɗa wani lawashi na gan su, 'yan mitsi-mitsi, suna gudu. Na buɗa na gaba, akwai kaɗan. Na gaba babu. Na ɗaga kai na dubi gonar maƙwabcinsa na yamma, wanda ya shuka albasa zalla, na ga ta fara yin fari daga gefe. Tamu tana nan kore, sai ɗan tabo nan da can. Mako ya zagayo, haka. Wani makon ma haka. Suna nan, amma ba su ci ƙarfin gonar ba. Baba da kansa ya tsinki ganye ɗaya ya juya shi a rana, ya ce, "Matar nan ba ta yi ƙarya ba." Ranar a mota na yi barci har aka wuce da ni inda zan sauka.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tari ya dawo masa. Da farko ɗan gyaran murya ne, sai ya zama irin wanda ke sa shi dafa gwiwa. Na ga idanunsa na ruwa, na ga hannunsa na ɗan rawa in ya ɗauki kofin shayi. Na tambaya, ya ce sanyin kogi ne. Sanyi a tsakiyar bazara! Na shinshina rigar, sai ƙanshin sabulu, fes, kamar mai zuwa idi. Na bi gonar ina sansana ganye kamar akuya, babu alamar magani. Na leƙa ɗakinsa, babu kwalba. Na koma gida na duba bayan buhun shinkafa, tanki na nan ya yi ƙura. Na tsare Madam, ta kawar da kai ta ce, "Anti, ni ba na ce komai. Gonarshi dai ba a yi feshi, na rantse." Yadda ta faɗi kalmar gonarshi ya tsaya mini a rai, amma ban gane ba.

Makon nan ban yi aikin kirki ba. Ogana ya dawo mini da takarda ya ce me ke damuna, na ce kaina ke ciwo. Duk ƙarar waya sai in yi wuf in duba ko daga fadama ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin sanin inda abin yake shigowa. Na tsare gona, na tsare tanki, amma ga mutum yana narkewa a gabana.

Wata Laraba aka ɗauke wuta a ofis tun safe, aka ce janareta ya lalace, kowa ya fara zamewa. Ni ma na ɗauki jakata, amma maimakon gida sai na tsinci kaina a tashar Gwagwalada. Ban gaya wa kowa ina zuwa ba.

Tun kafin mai mashin ya tsaya warin ya tare ni. Ya cika fadamar, ya kwanta a kan ruwa. Gonar Baba ba kowa. Can yamma na hango maza a jere cikin farar albasar maƙwabcinsa, tankuna na yawo daga baya zuwa baya, wani ya gaji ya sauke wani ya ɗauka. Gayyar feshi ce. Kuma a tsakiyarsu, da tsohuwar riga da ban taɓa gani ba, ƙyalle ɗaure a hanci, ga babana yana tafe yana buga hannun tanki, hazon maganin na dawo masa a fuska. Yakan yi taku kaɗan ya tsaya ya yi tari, ya ci gaba.

A nan na gane komai. Gonarsa ba ta bukatar feshi, ya gaya musu, sun zo sun duba sun yarda. Amma su suka tayar masa da fangali, su suka yi masa ban-ruwa yana asibiti. In ranar gayya ta zo aka miƙa masa tanki, da wane baki zai ce a'a, shi da ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi? Kara ce ta hana shi. Sai ya fesa wa mutane gonakinsu a tsakiyar mako, ya wanke jiki, ya ɓoye rigar, ya jira ni ranar Asabar da ƙanshin sabulu.

Na kwasa da gudu. Na tattake wa mutane albasa, takalmina ɗaya ya maƙale a laka na bar shi.

"Baba, sauke! Don girman Allah sauke!"

Ya juyo. Ko ta saman ƙyallen na ga abin da idanunsa ke ce mini. Roƙona suke yi in yi shiru.

"Uwata, koma gona, ina zuwa," in ji shi a hankali.

Sarkin noma ya matso yana tambayar ko lafiya. Maza duk sun tsaya suna kallon wannan mata mai kayan ofis da takalmi ɗaya. Na tuna alkawarin da na yi a harabar asibiti, na tuna shi sarai. Na kuma ji ƙarar da ke fita daga ƙirjin babana daga inda nake tsaye. Sai na juya ga dattijon na durƙusa a cikin laka.

"Ranka ya daɗe, bara ba zazzaɓi ba ne. Maganin nan ne ya kayar da shi. Likita ya ce in ya sake shaƙa zai iya mutuwa. Ya hana ni faɗa don kada ku karɓe filin. In za ku karɓa ku karɓa, amma ku cire masa tankin nan."

Dattijon ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya ce, "Haba Malam. Kana so ka mutu a gonarmu, mu ce wa 'yarka me? Wa ya ce maka za a karɓi fili?" Da hannunsa ya zare masa igiyar tankin daga kafaɗa. Wani saurayi ya ce, "Wallahi Baba da mun sani ko kusa ba ka zo." Wani ya ce a kai tsoho inuwa. Tausayi ne zalla, kuma ina kallon yadda kowace kalma ke sauka a kan babana kamar bulala. Ya kwance ƙyallen, ya ninke shi, ya bi ta gabana ya wuce bai dube ni ba.

Washegari na kai shi asibiti, aka ba shi magani, aka yi mini faɗa kamar ni na goya masa tankin. Tarin ya ɗauki lokaci kafin ya lafa. Filin ba a karɓa ba. Da aka cire albasa, kawunanta ba su kai na garinmu girma ba, amma sun fi na maƙwabta da yawa, ga karas ga ganye da aka yi ta ci. A shekarar da ta biyo na ga layin karas a wasu gonakin ma, kodayake yawancinsu ba su daina feshi ba.

Abin da ya canza shi ne matsayinsa. Yanzu in ana gayya, ta feshi ko ta huɗa, sai a ce Baba ya zauna ya huta, a ba shi tsaron ruwan sha. In an sa ranar feshi, sarkin noma da kansa yake bugo mini waya tun ana gobe, in je in ɗauko shi ya kwana a wurina har warin ya wuce. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ni ce maratayin. Ban yi da-na-sani ba. Da za a mayar da ni cikin lakar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma tsoron bai tafi ba, don na san halin babana, na kuma san ba kowace gayya ake bugo mini waya ba.

A irin wannan kwanan ne, yana zaune a falona ya ba ni baya, abincin da na ajiye masa ya huce, ya yi maganar da ya daɗe yana riƙewa. Bai ɗaga murya ba.

"A garinmu masu bindiga ne suka raba ni da gonata. A nan kuma 'yar cikina ce ta fitar da ni daga cikin maza."

Maganar ta soke ni. Na tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu ina sauraronsa. Numfashinsa na shiga yana fita sumul, ba ƙara, ba tari. Na ɗauki kwanon na koma na ɗumama masa.